Ɗiyar akawu da sana'ar da ba a gada

A ƙasar Hausa babu sana'ar da ke tafiya sakaka. Maƙeri yana da Sarkin Maƙera, mahauci yana da Sarkin Fawa, wanzami kuma yana da Sarkin Aska, kuma kowanensu ya san cewa idan ya ɓata wa mutum aiki akwai inda za a kai ƙararsa tun kafin magana ta kai gaban alƙali. Yaro yakan tashi cikin sana'ar gidansu, ya fara da zuga wuta ko ɗibar ruwa, ya ga yadda ake yi, ya ji abin da ba a yi, har ranar da manya za su ce hannunsa ya faɗa. Amma ga shi zamani ya zo da wata sana'a wadda ba wanda ya gaje ta daga kakansa, wato aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, kwamfuta, wanda ƴan lakkwal ke kira anformatik. A hannun masu wannan sana'a albashin ma'aikaci yake kwana, ta hannunsu kuɗin ɗan kasuwa ke bi daga Maraɗi zuwa Kwatano, kuma takardun kayan da ke shiga ofishin duwan suna bi ta cikin manhajar SYDONIA kafin a ɗaga wa mota sanda. Saboda haka ba ƙaramar tambaya ba ce a ce: wa ke horar da waɗannan yara bayan malamin aji ya gama nasa, wa kuma ke tsawata musu in sun kauce?

Wani tsohon akawun baitulmali a Damagaram ya sami amsar wannan tambaya ta hanyar da bai zata ba. Haifaffen Birni ne, daga gidan majema, waɗanda ke jeme fata da bagaruwa tun kaka da kakanni. Shi kaɗai aka kai lakkwal cikin ƴan ɗakinsu, ya fito ya kama aikin gwamnati, ya yi fiye da shekara talatin yana lissafin kuɗin hukuma a Tawa da Yamai, daga baya aka maido shi gida inda ya yi ritaya. Da alƙalami da tafireta ya fara, kuma a gabansa aka shigo da kwamfutocin farko cikin buro, aka lulluɓe su da zane saboda ƙura, aka hana kowa taɓawa sai wanda aka aika horo. Tun daga lokacin ya ƙudurta cewa in Allah ya ba shi ɗa mai kan lissafi, wannan hanya zai nuna masa. Allah kuwa ya ba shi ɗiya, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ba ya kiranta da komi sai Uwata. A 2012 ta ci jarrabawar bak da maki mai kyau, ta sami bursu zuwa Maroko don karatun anformatik.

Tsoron kalmar ƙungiya

Bayan kamar shekara guda da tafiyarta, wata rana ta kira gida da murna ta ce: "Baba, na shiga wata ƙungiya ta ɗalibai." Akawu ya yi shiru har ta zaci waya ta katse. Sannan ya ce: "Uwata, karatu aka aike ki ko ƙungiya?"

Wanda bai san tarihin mutumin ba zai ce tsaurin tsufa ne kawai. Amma yana Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, lokacin da ɗalibai suka fito zanga-zanga suka nufi gadar Kennedy, jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka rasa rayukansu. Wani ƙanensa da yake riƙo yana cikin jerin, bai dawo gida ba sai da dare, ba takalmi a ƙafarsa. Akawu bai taɓa raina abin da waɗannan yara suka yi ba, don ya san jininsu na cikin abin da ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991. Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A kunnensa, ƙungiyar ɗalibai tana nufin yajin karatu, da hayaƙi mai sa hawaye, da shekarar da za a soke gaba ɗaya. Ga shi kuma yarinya ce, a ƙasar mutane, kan bursun da za a iya yankewa da takarda guda.

Ta ce: "Baba, ka yi haƙuri ka saurare ni. Wannan ba ta da jerin gwano. Ƙungiyar masu sana'ar ce, mu ɗalibai reshe muke, kamar yaran gida." Wannan kalma ta yaran gida ita ta sa ɗan majema ya gyara zama. Ya ce ta rubuto masa komi dalla-dalla, da Faransanci, kamar rahoton buro. Ta rubuto, ya karanta da tabarau, ya ajiye cikin akwatin takardunsa na fansho.

Asalin ƙungiyar

Sunan ƙungiyar Association for Computing Machinery, ana taƙaita shi ACM, ma'ana haɗin kan masu aiki da na'urorin lissafi. An kafa ta ranar 15 ga Satumba 1947 a wani taro a Jami'ar Kolumbiya ta birnin Niyok, a Amurka. A lokacin ana iya ƙirga irin waɗannan na'urori da yatsu. ENIAC, wadda aka nuna wa duniya a 1946, ta kai nauyin kusan tan 30, tana da ƙwayaye irin na tsohuwar rediyo kusan 18,000, kuma ta cika ɗaki guda. Waɗanda ke aiki da irinta sun fito daga fannoni dabam-dabam, wannan masanin lissafi, wancan injiniyan lantarki, kowa yana fama shi kaɗai da matsalar da wataƙila maƙwabcinsa ya riga ya warware. Abin da ya fi burge akawu shi ne cewa mutumin da ya fi kowa ɗawainiyar haɗa su, Edmund Berkeley, ma'aikacin lissafi ne a wani kamfanin inshora, kuma shi ya zama sakataren farko. Ya ce ashe ɗan'uwansa ne a sana'ar alƙalami.

Tun da babu gidan gado da yaro zai tashi a ciki, sai ƙungiyar ta shiga gina shi da kanta. A 1958 ta fara buga mujallarta ta wata-wata, Communications of the ACM. A 1961 aka buɗe reshen ɗalibai na farko a wata jami'a ta jihar Luwiziyana, tun kafin Jami'ar Purdue ta buɗe sashen ilimin kwamfuta na farko a Amurka a 1962. A 1968 ƙungiyar ta fitar da tsarin abin da ya kamata a koya wa ɗalibin wannan fanni, darasi bayan darasi, jami'o'i da yawa suka ɗauka suka gina nasu a kansa. Ana sabunta wannan tsari lokaci-lokaci tare da takwararta ta injiniyoyi, IEEE Computer Society, kamar yadda aka yi a 2013 da kuma 2023. Ke nan ɗalibin da bai taɓa jin sunan ƙungiyar ba ma, mai yiwuwa ne jadawalin darussansa yana ɗauke da sawun hannunta.

Ta kuma kafa lambar girma mafi daraja a fannin, mai sunan Alan Turing, masanin lissafin nan na Ingila. Alan Perlis ne ya fara karɓarta a 1966, kuma tun 2014 kuɗinta ya kai dalar Amurka miliyan 1. Joseph Sifakis, mai bincike a Grenoble ta Faransa, ya samu a 2007, Yann LeCun kuma a 2018. Sai da aka shekara 40 ana bayarwa kafin mace ta farko, Frances Allen, ta same ta a 2006. Ɗiyar akawu ta ja layi ƙarƙashin wannan suna a cikin rahotonta, ta ƙara da cewa ƙungiyar tana da sashe na musamman, ACM-W, mai tallafa wa mata don kada su bar fannin a tsakiyar hanya. A ajinsu mata ba su da yawa, ita kaɗai ce kuma daga kudancin Sahara.

Mutum uku, na'ura guda

Reshen makarantarsu ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗaki ne da suke aro da yamma, da malami guda mai sa ido, da shugabanni uku da ɗalibai ke zaɓa cikinsu. Manyan ɗalibai na koya wa ƙanana abin da aji bai kai gare shi ba, wani lokaci a gayyato injiniya daga wani kamfani ya faɗi yadda aiki yake a zahiri, wani lokaci a zauna a gyara wa juna takardar neman aiki. Uwar ƙungiya tana da jerin manyan masana da take biya wa kuɗin jirgi su je su yi lacca a reshen da ya nema, tana kuma da mujallar ɗalibai da aka fara a 1994 da sunan Crossroads, aka mai da ita XRDS a 2010, wadda ɗalibai ne da kansu ke tace ta.

Amma abin da ya fi cika ɗakin shi ne shirin gasa. Wannan gasa ta rubuta manhaja tsakanin jami'o'i ta samo asali a 1970 a jihar Teksas, aka yi zagayen ƙarshe na farko a 1977 a Atlanta. Daga 1977 zuwa 2017 tana ƙarƙashin inuwar ACM, kamfanin IBM kuma ya ɗauki nauyinta daga 1997 zuwa 2017. Bayan nan wata gidauniya mai zaman kanta, ICPC Foundation, ta ci gaba da riƙe ta. Ƙa'idarta mai sauƙin faɗa ce. Ɗalibai uku, kwamfuta guda, awa biyar, da tambayoyi kamar goma ko fiye. Kowace tambaya labari ce da aka ɓoye lissafi a cikinsa: ga garuruwa kaza da hanyoyi kaza, a nemo hanya mafi arha, ga kaya masu nauyi dabam-dabam, a cika mota ba tare da an wuce kima ba. Ƴan wasa su rubuta manhajar da za ta warware, su aika wa alƙalai, su kuma su gwada ta da alƙaluman da suka ɓoye. In ta faɗi ko da a gwaji guda ne, an ƙi ta, kuma in daga baya aka ci tambayar, kowane kuskuren baya yana jawo tarar minti 20. In an ci, sai a ɗaura wa teburin balam-balam mai launin wannan tambaya, kowa a zauren ya gani. A awar ƙarshe akan daina sabunta allon sakamako, don kada a san wanda ke gaba sai an tashi.

Hikimar tana cikin kwamfuta gudan nan. Da an ba kowa tasa, da kowa ya kama gabansa. Amma tun da guda ce, dole ɗaya ya buga, ɗaya ya warware tasa a takarda yana jiran layi, na uku ya bi aikin ɗan'uwansa yana neman ɓaraka. Dole mai gardama ya koyi sakin madannai in an ce masa hanyarsa ba ta ɓullewa, mai kunya kuma ya koyi buɗe baki in ya hango kuskure. Ɗiyar akawu ta tashi a gidan da yarinya ba ta katse babba, sai ga ta tana ce wa namiji ɗan gari ya tashi daga kujera, lissafinsa zai karye in adadin ya zama sifiri. A gasar ƙasar Maroko ba su je ko'ina ba, balam-balam biyu suka samu. Ta kira gida rai a ɓace, uban ya tambaye ta biyun da suka ci ko akwai kuskure a cikinsu. Ta ce babu. Ya ce to a baitulmali an fi son shafi biyu masu tsabta da goma masu kankare.

A watan Mayu na 2015 aka kawo zagayen ƙarshe na duniya birnin Marakesh, karo na farko a nahiyar Afirka, ita kuma ta shiga cikin ɗaliban da suka ba da kansu don hidima. Ƙungiyoyi 128 suka zauna a zaure guda. Ƴan Jami'ar ITMO ta birnin San Petersbur na Rasha suka warware tambayoyi 13 duka, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar. Ta gaya wa ubanta cewa ta tsaya kusa da su ta ga yara ne kamarta, da fensir da takarda, suna gardama ƙasa-ƙasa. Gani ya kori ji. Daga ranar ta daina ɗaukar manyan fannin kamar aljanu.

Ta wannan hanya kuma aikin farko ya zo. Wata injiniya da ta taɓa yi musu lacca a reshe ta tuna yarinyar da ta yi mata tambaya a kan yadda ake kare rumbun bayanai in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, tambayar da sai wanda ya san ɗaukewar wuta a watan Afrilu zai yi. Ita ta rubuta mata takardar shaida, ta sami staj na wata shida a wani kamfani a Kasablanka. Ƙungiya ba ta raba aiki, kuma katinta ba ya maye gurbin diplom. Abin da take yi shi ne ta zaunar da ɗalibi ɗaki guda da waɗanda suka riga shi, har wani babba ya san fuskarsa da irin aikinsa. Ɗan alhaji yana samun wannan a zauren ubansa tun yana yaro. Ɗiyar akawu a reshe ta samu.

Takardar amana

A cikin takardun da ta aiko akwai guda da uban ya fi karantawa, wato ƙa'idojin ɗa'a da kowane ɗan ƙungiya ke amincewa da su ranar shigarsa. An rubuta su a 1992, aka sabunta su a 2018. A taƙaice suna cewa mai sana'a ya guji cutar da mutane, ya faɗi gaskiya game da abin da manhajarsa za ta iya da wanda ba za ta iya ba, ya kiyaye sirrin waɗanda bayanansu ke hannunsa, kada kuma ya shiga inda ba a ba shi izini ba ko da ƙofar a buɗe take. Dalilin wannan tsanani sananne ne ga masu fannin. Tsakanin 1985 da 1987 wata na'urar gasa ciwon daji mai suna Therac-25 ta zuba wa majinyata shida haske fiye da kima a Amurka da Kanada saboda kurakuran manhaja, wasu suka mutu. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta daga Kuru, saboda an ɗauko manhajar Ariane 4 an saka mata, wani adadi ya fi ƙarfin gurbin da aka tanadar masa. A duka biyun babu wanda ya yi nufin sharri. Aiki ne aka miƙa ba a gwada shi yadda ya kamata ba.

Ta dawo gida a 2017, ta sami aiki a wani kamfani mai hada-hadar aika kuɗi, aka ba ta kula da rumbun bayanai. A nan takardar ta tashi daga karatu ta zama jarrabawa. Tana da kawu, ƙanen mahaifiyarta, babban ɗan kasuwa mai safarar kaya tsakanin Maraɗi da Katsina ta Dan Isa da Jibiya. Shi ya saya mata kwamfutarta ta farko lokacin da za ta tafi, shi ya cika kuɗin jirgi da bursu ya yi jinkiri. Wani abokin cinikinsa ya karɓi kayansa na miliyoyi bashi, ya shekara yana rantsuwa ba shi da ko tamma, alhali kawu yana jin ƙishin-ƙishin cewa kuɗi na shiga masa ta wannan kamfani. Sai ya zo Damagaram takanas, ya kira ta gefe ya ce: "Ɗiyata, ba kuɗinsa na ce ki taɓa ba. Ki duba mini kawai, ki gaya mini abin da ya shiga cikin wata ukun nan."

Minti biyu aikin zai ɗauke ta, kuma da wuya a gane. Ta durƙusa ta ce: "Kawu, ka gafarce ni. Mabuɗin da ke hannuna na gyara ne, ba na kallo ba. In ka kai shi ƙara alƙali ya rubuto, kamfani zai ba da komi, ni da kaina zan fitar." Kawu ya ce shi da ya yi mata riga da wando yau shi take nuna wa ƙofar alƙali. Ya tashi bai ci abincin da aka kawo masa ba.

Gidan ya yi zafi kwana da kwanaki. Uwar ta yi kuka, ta ce ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma mutumin nan macuci ne, kowa ya sani. Gaskiyarta ce, domin kawu ba ƙarya yake ba, dukiyarsa ce aka riƙe. Akawu ya rasa barci, saboda shi ma yana cin alherin surukin nan nasa tun da fansho ya fara wasa da shi. Amma ya tuna shekarun da ya yi da makullin akwatin hukuma a aljihu, da irin manyan da suka sha zuwa suna neman ya nuna musu albashin wane ko bashin wane. Ya tuna kuma cewa a gidan majema fatar da aka kawo jima amana ce, ba a yanki ko kunnenta a ba wani, ko da mai ita ɓarawo ne. Ya shiga mota ya tafi Maraɗi, ya sami surukinsa a shago, ya ce: "Alhaji, kai ma ta wannan kamfani kake aika kuɗinka. In ta buɗe maka nasa yau, ka tabbata akwai wata ɗiyar a wani buro da kawunta ke son ganin naka." Alhaji ya ce: "Mushe, kun yi boko kun manta zumunci." Suka rabu a haka. Daga baya dattawan kasuwa suka shiga tsakaninsa da mai bashin, aka biya shi wani kaso, saura ya bi ruwa. Yana amsa gaisuwarta in ta kira ranar salla, amma bai sake sauka gidan ba.

Iyakar abin aro

Kada a ɗauka ƙungiyar ce ta tsare ta da sanda. Abin da ACM za ta iya yi wa wanda ya karya ƙa'ida bai wuce ta kore shi daga cikinta ba, kuma ba ta da ikon hana kowa aiki. A nan ta bambanta da Sarkin Fawa, wanda ke iya hana mahauci yanka. Wasu ƙasashe sun ba irin waɗannan ƙungiyoyi ƙarfin hukuma. A Ingila, British Computer Society da aka kafa a 1957 ta sami takardar amincewar masarauta a 1984, tana ba ƙwararru shaidar cancanta. A Najeriya, doka mai lamba 49 ta 1993 ta kafa majalisar rajistar masu sana'ar kwamfuta, CPN, kuma ƙungiyar Nigeria Computer Society tana da reshen ɗalibai a manyan makarantu. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, ta yi ta laifukan intanet a 2019. Sai dai doka tana zuwa ne bayan an yi ɓarna an kuma gano. A cikin minti biyun nan da ba mai gani, abin da ya riƙe yarinyar shi ne tarbiyyar gida, da kuma sanin cewa akwai dubban masu sana'arta a duniya da suka yarda cewa wannan abu ba a yin sa.

Haka kuma kayan aro ba ya rufe katara. Kusan duk abin da ƙungiyar ke bugawa da Ingilishi ne, ɗalibin da ya tashi da Faransanci sai ya haye wannan katanga tukuna. Kuɗin shiga da dalar Amurka ake biya ta katin banki, ko da yake ana rangwame ga ɗalibai da ƴan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ita gasar ma tana auna saurin warware lissafi ne, ba ta auna haƙurin zama da ɗan kasuwa a fahimci yadda yake rubuta bashi a littafinsa. Amma wata ƙofar ta buɗe: a 2022 ƙungiyar ta saki duk abin da ta buga daga 1951 zuwa 2000 kyauta a intanet, kuma daga Janairu 2026 ta buɗe ɗakin karatunta gaba ɗaya. Abin da ɗiyar akawu ta riƙa karantawa da kuɗi a Maroko, ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko André Salifou ta Damagaram, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko Djibo Hamani ta Tawa zai iya buɗe shi a wayarsa. Buɗe reshe kuwa ba ya buƙatar fiye da ɗalibai 10 da malami guda ɗan ƙungiya da zai tsaya musu.

Saura abin da ba a aikowa daga waje, wato manyan da za su zauna da yara. Nan ne ɗan kasuwa da ma'aikaci ke da rawar takawa. Shugaban buro da ya karɓi ɗalibi staj ya ba shi aikin gaske maimakon aiken shayi ya yi wa sana'ar hidima. Alhajin da zai ɗauki yaro ya riƙe masa lissafi a kwamfuta, ya dace ya tambaye shi wa ya taɓa duba aikinsa, su wa ne abokan sana'arsa, me kuma zai yi in wani ya nemi ya ga littafin shagon a ɓoye. Kuma in yaron ya taɓa ce masa a'a a kan sirrin wani, ya san ya sami wanda zai bar wa makulli.

Yanzu duk ranar Asabar da la'asar ɗalibai kamar goma sha biyu na taruwa a zauren akawu, da kwamfutoci huɗu da wayar wuta da aka jawo daga cikin gida. Ɗiyar ta raba su uku-uku, ta ba su tambayoyin tsofaffin gasa, ta sa wanda ya gama ya duba na ɗan'uwansa. Babu balam-balam, dabino ake ajiye wa teburin da ya ci. Tsohon kan zauna gefe da tasbaha, wani lokaci ya kawo musu tasa tambayar daga tsohon aiki: ma'aikaci ya sami ƙarin girma ranar 17 ga wata, an yanke masa bashin gaba, yana da ƴaƴa biyar, nawa zai karɓa? Sau da yawa manhajarsu takan ba da amsa cikin ƙiftawar ido, shi kuma ya bi da fensir ya nuna musu inda dala guda ta ɓace. Cikin masu zuwa har da ƙaramin ɗan kawu, wanda ke karatu a garin. Ba a san ko uban ya sani ba, kuma ba wanda ya tambaya. Allah ya shirya tsakaninsu, ya kuma ba yaran nan sa'a da riƙon amana.